Sif ɗin kwali ya cika, kaya sun koma kan gado: a gyara shi ko a sake wani?

Maman Ilham (Rijiyar Zaki):
Assalamu alaikum jama'ar gida. Don Allah shawara nake nema, musamman wurin masu sana'ar katako da matan da suka taɓa shiga irin halin da nake ciki. Sif ɗina irin wanda ake sayowa a shimfiɗe cikin kwali ne, da ledar notina, a zo gida a haɗa. Da shi aka yi min jere shekara huɗu da suka wuce. Ƙofa uku ne: biyu ɓangaren rataya, ɗaya mai kanta uku. Na sa tef na auna, tsayinsa santimita 190, faɗi 120, zurfi 52. Ɓangaren ratayar shi kaɗai ya cinye 80.

To ni abin da nake ratayewa bai wuce abaya biyar da dogayen hijabai ba. Duk sauran na ninkewa ne: atamfa, leshi, shadda, mayafai, zannuwan gado. Kanta ukun nan sun cika har ƙofar ba ta rufuwa. A ƙasan ɓangaren rataya na jibge atamfofi, in zan zaro ta ƙasa sai duka sun rushe. Kayan yara biyu suna cikin bakko, na Abban Ilham rabi a akwati rabi a kan kujera. Gidan haya ne, ciki da falo, babu inda zan sa sif na biyu. Shin ana iya ƙara wa irin wannan kanta, ko ɓarnar kuɗi zan yi?

Ummu Sudais:
Wa alaikumus salam. Wallahi kamar ɗakina kika leƙa. Ina nan ina jiran amsa tare da ke.

Malam Sani Kafinta (Na'ibawa):
Wa alaikumus salam. Hajiya, gaskiya ɗaya ce, zan faɗa miki ita. Wannan abin da kuke kira katako ba katako ba ne. Garin katako ne aka kwaɓa da gam aka matse, aka lulluɓe shi da farar takarda mai sheƙi. In aka ɗaura masa noti sau ɗaya ya kama, in aka kwance aka sake sai ramin ya rugurguje. Ruwa kuwa in ya taɓa gindinsa sai ya kumbura kamar burodi. Shekara ashirin ina wannan sana'a, na ga irinsu da yawa an kawo min a baro, babu abin da ya yi saura sai ƙofofi. Shawarata ki sayar da shi ki ciko, a buga miki na filawud mai kauri daidai ɗakinki, daga ƙasa har silin.

Anti Hauwa Tela (Fagge):
Malam Sani, Allah ya ƙara girma, amma baiwar Allah ta ce gidan haya take. In an buga mata daga ƙasa har silin, ranar da mai gida ya ce a tashi fa? Sannan a halin nan da ake ciki, wa yake da kuɗin sabon sif don kawai kanta ta yi masa kaɗan?

Maman Ilham, ni na yi, kuma shekarata ta uku ke nan da shi. Abin da na gane shi ne, ba ƙanƙanta ce matsalar waɗannan sif ba. Ba don tufafinmu aka tsara su ba. Wanda ya zana shi, kwat da shat da siket yake tunani, abin da ake saƙalawa a hanga. Mu kuma atamfa yadi shida ce, ninkewa ake yi. Shadda in ta dawo daga wurin bugu ko guga, a ninke take zuwa, kuma wannan karin ninkin shi ne adonta. Babbar riga wa ya taɓa rataye ta a hanga? Kafaɗar ma lalacewa za ta yi. Shi ya sa za ki ga kashi biyu cikin uku na sif ɗin iska ce a ciki, kayan kuma suna kan gado.

Abin da na yi, na sa an raba ɓangaren ratayar gida biyu da allo a tsaye. Gefe ɗaya na bar wa abaya, ɗayan aka jera min kantoci. Kuma ban yarda an yi musu tazara mai yawa ba. Kantar da ta zo da sif ɗin tazararta ta kusa rabin mita, sai ki ɗora atamfa goma sha biyar a kan juna, shi ne suke rushewa. Ni tsakanin kowace kanta bai fi taƙi ɗaya da ɗan ɗoriya ba, kamar santimita 25. Atamfa biyar, shida, ta cika. Ki zaro wadda kike so, sauran ko motsi ba sa yi.

Maman Ilham:
Anti Hauwa Allah ya saka da alheri. Amma maganar Malam Sani ta tsaya min a rai. In jikin sif ɗin bai riƙe noti, me zai riƙe kantocin? Leshi fa nauyi gare shi, balle mai dutse.

Injiniya Bashir (Gwarzo Road):
Salam. Duka biyun suna da gaskiya, sai dai kowa gefe ɗaya ya riƙe. Bari in ɗan yi bayani, a yi haƙuri da tsawo.

Wannan salon na sayar da kayan ɗaki a shimfiɗe, kamfanin IKEA na ƙasar Suwidin ne ya yaɗa shi a duniya tun wajen 1956, kuma yawancin waɗanda ake shigowa da su kasuwanninmu tsarinsa suka kwaikwaya. Dalilin yin sa sauƙin ɗauka ne da sauƙin kuɗi, ba ƙarko ba. Amma akwai abu ɗaya mai kyau da masu irin wannan aiki suke yi. Maman Ilham, ki haska cikin bangon sif ɗin da fitilar waya. A da yawansu za ki ga ƙananan ramuka a jere daga sama zuwa ƙasa, faɗin kowane rami milimita 5, tsakanin rami da rami milimita 32. Ba ado ba ne. Wurin cusa 'yan ƙarafan da kanta ke zama a kai ne. In naki yana da su, rabin aikin ya ƙare, ana samun ƙarafan a wurin masu sayar da hinji da hannun durowa a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa.

In babu ramukan, kada a ɗaura noti ta gefen kanta, nan ne yake fashewa kamar yadda Malam Sani ya ce. A yanko siraran katako, a shafa gam, a manna su a bangon ciki, a ƙara da gajerun noti uku ko huɗu waɗanda ba za su ɓullo ta waje ba. Kanta sai ta zauna a kansu. Nauyin ya rarrabu ke nan, ba a kan noti ɗaya yake ba.

Batun lanƙwasa kuma tsawon kanta ne ke kawo shi. Allon garin katako in ya wuce kamar santimita 60 babu abin da ya tokare shi a tsakiya, aka ɗora masa nauyi, a hankali zai yi ciki. Don haka kada ki ce za ki shimfiɗa kanta mai 80 daga bango zuwa bango. Rabawar da Anti Hauwa ta yi ita ce daidai, domin kowace kanta ta koma ƙasa da 40, kuma allon tsakiyar yana tallafar rufin sif ɗin.

Malam Sani Kafinta:
Injiniya, ban ƙi ta taka ba. A takarda haka ne. Amma kai ma ka san wanda ake kawo mana nan ba irin na can ba ne. Wani kaurinsa milimita 12 ne, bayansa kuma kwali ne zalla da ƙananan ƙusoshi. Shi ne nake tsoro, a zuba kuɗin filawud a jikin abin da ba zai kai baɗi ba, a dawo a ce kafinta ne bai iya ba.

To amma tunda ta ce haya take, ga abin da zan ce. Kafin a sayi komai, a kwashe kayan kaf, a jawo shi tsakiyar ɗaki, a duba abu uku. Gindinsa: in an danna da farce ya lotsa ko ya kumbura, ruwa ya riga ya ci shi. Bayansa: in ya ɓalle daga jiki, shi ya sa sif ke rangaji, domin wannan siririn allon da kuke rainawa shi ke riƙe shi a miƙe. Sai a auna daga kusurwar sama ta dama zuwa ta ƙasa ta hagu, a auna ɗayar ma. In awon bai zo ɗaya ba, ya karkace, ƙofa ba za ta taɓa rufuwa daidai ba sai an daidaita shi an sake buga bayan. In gindin lafiya lau ne, to a gyara. In ya ruɓe, ko ɗana ne ba zan bar shi ya sa kuɗinsa ba.

Anti Hauwa Tela:
Yauwa Malam, yanzu muka zo wuri ɗaya.

Hajiya Yaya (Yakasai):
Ina ta karantawa tun ɗazu. 'Ya'yana, mu da aka yi mana aure a cikin birni ba mu san sif ba. Kwalla ce da adaka, daga baya fantimoti ya zo. Zannuwa a ninke a jera a kwalla, a rufe, ƙura ba ta shiga, ɓera bai shiga, kuma in kin buɗe ƙamshi ne zai tare ki. Ban ce a koma can ba. Amma ina tambayar Maman Ilham tsakani da Allah: cikin kayan nan da suka hana ƙofa rufuwa, nawa ne kika ɗaura tun daga waccan sallar zuwa wannan? Ankon bikin da aka yi shekara biyar, an sa sau ɗaya, yana nan yana cin wuri. Ga 'yan uwa a ƙauye, ga masu aiki, ga maƙwabta da zani ɗaya suke wanki su jira ya bushe. Ki fara fitarwa tukuna, sannan ki kira kafinta. Kada ki gina wa abin da ba naki ba ɗaki.

Ummu Sudais:
Hajiya, Allah ya ja kwana, maganarki dutse. Amma wani kayan ba a iya bayarwa. Na lefe akwai waɗanda ko ɗinkawa ban yi ba, ajiya ce, ranar da ta ɓaci su ne jari. Kuma yara suna girma, na babba ƙarami zai sa.

Hajiya Yaya:
Wannan daban, 'yata. Na ajiya ba ya zama a sif tare da na yau da kullum. Wurinsa akwati, a ɗora can sama. Ni da wanda aka ɗinka aka daina sawa nake.

Maman Ilham:
Hajiya na karɓa, kuma ban ji haushi ba. Yau da daddare in yara sun yi barci zan zauna a kansu. Malam Sani, na duba kamar yadda ka ce. Gindin lafiya, don tun farko a kan leda yake kuma ba na bari ruwan mofa ya kai wurin. Amma bayan ya ɓalle ta gefe ɗaya, har hannuna yana shiga. Injiniya, ramukan suna nan a ɓangaren kanta, amma a ɓangaren rataya babu.

Malam Sani Kafinta:
To ya gyaru. Ki sa a sayo filawud guda ɗaya a 'yan katako, mai kaurin milimita 15 ko 18. Allo ɗaya ƙafa takwas ne da ƙafa huɗu, wato santimita 244 da 122. Da awon da kika bayar, za a fitar da allon tsakiya, a fitar da kanta bakwai masu 39 da 48, kuma a samu ragowar dogon sili da za a yanka a yi matokarai. A yanka a can inda inji yake, ya fi miƙewa da zarton hannu. Amma kafintan ya zo da kansa ya auna ciki, kada ya yi aiki da awon waje da kika yi, kaurin bango yana cin nasa. A goge bakin kantocin da sanfefa sosai ko a manna musu tef ɗin baki, in ba haka ba leshi da mayafin shifon za su riƙa saƙalewa. Bayan kuma a cire wancan, a sa sabon siririn filawud, a ɗaure da noti ba ƙusa ba.

Baban Amir (Kabuga):
Ku yi haƙuri in shigo, don naji an ce kayan maigida suna kan kujera, mu ma a tuna da mu. Abin da ya fi damuna a irin sif ɗin nan hula ne. Ka kai zanna wurin wanki, a ɗora ta a kan gungume ta fito a tsaye, ka biya kuɗi, ka kawo gida a danne ta da zanin gado. Ni siririyar kanta na sa aka yi min a can sama, tsayinta bai fi santimita 15 ba, babu abin da zai shiga wurin sai hula. A cikin ƙofa kuma na sa ƙananan ƙugiyoyi na carbi da agogo da bel.

Anti Hauwa Tela:
Cikin ƙofa wuri ne da ake mantawa da shi. Ni siririn ƙarfen labule na ɗaura guda biyu, ɗankwali da ƙananan mayafai nake saƙalawa. Amma kada a cika, hinjin ba ya son nauyi. Na yara kuma kwandunan roba na sayo a Ƙofar Wambai, kowane yaro da launinsa, suna ƙasan abayoyi. Ki je da awonki a rubuce, kada ki saya da ido.

Injiniya Bashir:
Akwai abin da ban ji an ambata ba, kuma ya fi duk wannan muhimmanci tunda akwai yara a ɗakin. In aka ƙara kantoci, aka ɗora akwatunan lefe a sama, nauyin sif ya hau sama ke nan, shi kuma ba shi da zurfi. Yaro ya buɗe ƙofa ya taka kanta zai ɗauko wani abu, sai ya taho masa gaba ɗaya. Ba zato nake ba. A 2016 kamfanin IKEA da kansa ya janye durowoyi kusan miliyan 29 a Amurka saboda sun faɗo wa yara har an rasa rayuka. Dole a ɗaure shi da bango: ƙarfe mai kusurwa guda biyu a sama, a huda bulo a sa fisha, wato 'yar robar da noti ke kamawa a ciki, a ɗaure. Kuma ƙarfen ya kama jikin sif ɗin mai kauri, ba siririn bayan ba. Masu nauyi irin su leshi da barguna a ƙasa, marasa nauyi a sama.

Ummu Sudais:
Injiniya, mai gidan da muke haya ko ƙusar agogo ka buga sai ya yi magana. Yaya za a yi?

Injiniya Bashir:
Rami biyu ne, kowanne bai kai kaurin ɗan yatsa ba, ranar tashi a cike da fila a shafa fenti. A je a same shi da girmamawa a gaya masa don yara ne. Ban ga mai gidan da zai ce gara sif ya danne yaro ba. Kafin nan a cusa ɗan siririn katako a ƙarƙashin gaban sif ɗin don ya jingina baya, amma wannan rage haɗari ne kawai, bai maye gurbin ɗauri ba.

Maman Nana (Sharaɗa):
Ni tambayata wari. Da damina, musamman watan Agusta, kayan cikin nawa har fumfuna suke yi, da hunturu kuma ƙura ta shiga ta bayan. Kafur nake zubawa, wani lokaci in sa kasko da turaren wuta a ciki in rufe ƙofa. In an cika shi da kantoci ba zai ƙaru ba?

Sista Rabi (ma'aikaciyar jinya):
Maman Nana don girman Allah ki daina duka biyun. Garwashi a cikin sif a rufe, ga gam ga yadi ga leda, gobara ce kike gayyata. A turara kaya a kan kabbasa a tsakar ɗaki, ana tsaye a wurin, su huce, sannan a jera. Kafur kuma, irin farin ƙwallon nan, muna hana masu jego sa shi a kayan jarirai. Akwai yaran da aka haifa da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, kuma wannan ƙarancin yana da yawa a cikinmu, musamman maza. Kafur yana fasa musu ƙwayoyin jini, shawara ta kama jariri mai tsanani, wani har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ga kuma masu rarrafe da ke ɗauka su kai baki suna zaton alewa ce.

Maman Nana:
Innalillahi. Wallahi ban sani ba, kuma goyo nake. Yanzu zan kwashe.

Sista Rabi:
Ki kwashe, ki wanke kayan jaririn ki shanya a rana sosai kafin ki sa masa.

Malam Sani Kafinta:
Fumfuna daga bango take zuwa. A bar tazarar yatsu biyu ko uku tsakanin sif da bango, ƙarfen ɗaurin ma ana samun mai tsawon da zai ba da wannan. A ɗaga gindin daga ƙasa da 'yan ƙafafun roba. Kada a sa kaya da ɗumin guga ko da sauran laima. In rana ta fito da damina a buɗe ƙofofin su sha iska. Kuma ɗagawar nan tana sa a ga hanyar gara da wuri, don in ta shiga daga ƙasa ba a sani sai ta gama.

Hajiya Yaya:
Maman Ilham shiru, an fitar ko ba a fitar ba?

Maman Ilham:
Hajiya an fitar. Bakko guda cur, har da kala goma sha ɗaya da na manta ina da su. Ƙanwar babana ta zo daga Bichi ta tafi da rabi, saura na ba mai yi min wanke-wanke da wata maƙwabciya.

Ga yadda aka ƙare, don masu irin matsalata. Abban Ilham ya je Na'ibawa da kafintan unguwarmu ranar Asabar, suka yanko allon a can. Aikin wuni ɗaya ne. An sake bayan, an raba ɓangaren rataya, an gajarta ƙarfen ratayar. Kanta biyar suka shiga sabon gefen, biyu aka ƙara a tsohon. Ta can sama siririya ce, ta huluna, Baban Amir an gode. Mai gida da aka yi masa bayani bai hana ba, cewa ya yi ma a nuna wa na ɗaya sashen su ma su ɗaure nasu.

Abu ɗaya ne bai yi daidai ba. Gefen abayar ya matse, 39 bai isa ba in an haɗa da hijabai, sai da na ninke hijaban na ba su kanta guda. Da zan sake, sai in bar wa rataya 45 in rage kantocin. Ummu Sudais ki ƙirga na ratayewarki kafin a yanka.

Ummu Sudais:
Na ji. Nawa sun fi naki yawa ma. Malam Sani, nawa ƙofa biyu ne kuma masu turawa gefe, ba masu hinji ba. Shi ma ana raba shi haka?

Malam Sani Kafinta:
Ana rabawa, amma allon tsakiyar dole ya faɗo daidai inda ƙofofin suka haɗu, in ba haka ba wata kantar ba za ki iya kaiwa gare ta ba. Kuma layin ƙofar yana cin kusan santimita takwas na zurfin, kantocin za su fi nata gajarta. Ki kwashe kayan ki ɗauko hoton ciki da na gindin ki turo nan in gani.